Ranar Da Na Share Ciyawar Da Za A Auna

Ko na yi tsufan da sai an ɗaga ni an kwantar, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka kwashe mu a mota aka kai mu kallon ciyawa ba. Eh, ciyawa na ce. Ku ɗan yi haƙuri, zan yi bayani.

Tun kafin ranar ina yawo da damuwa biyu a zuciyata. Ta farko aikin Abban Yasir. Maigidana haifaffen Jidda ne, a unguwar Sa'alaba aka haife shi, a nan kuma muke zaune. Yana aiki da wani kamfani da aka ba kwangilar farfaɗo da wani tsohon wurin haƙar dutse, can gabas da gari, bayan duwatsu. An yi shekaru ana haƙa ana fasawa ana kwashewa, aka tafi aka bar ramuka da ƙasar da ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. Su ne suka cike ramukan, suka kawo ƙasa mai kyau a tifa suka shimfiɗa, suka watsa irin tsirran daji, suka yi ta ban ruwa da tanka. To yanzu lokaci ya yi da hukuma za ta turo mutum ya auna ya ga ko tsirran sun rufe ƙasa yadda ake so. In sun rufe, za a ba kamfanin wani wurin, ya tafi da ma'aikatansa. In ba su rufe ba, halas, wato shi ke nan, a ba wasu. Kamfanin nan kuwa shi ne kafilin Abban Yasir, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, da sunansa ake sabunta masa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ni da yarona kuma a jikin iƙamar tasa muke maƙale.

Damuwa ta biyu kunama. Yasir bai daɗe da fara tafiya ba, kuma duk abin da hannunsa ya kai, bakinsa ne masauki. Tunda aka ce za mu daji na daina barcin kirki. Har mafarki na yi na gan shi riƙe da wata baƙa ta wutsiya yana mini dariya.

Ni 'yar ƙauye ce daga wajen Kazaure, aure ne ya kawo ni nan. Firamare ma ban ƙarasa ba, amma gona na san ta. A gidanmu ciyawa abokiyar gaba ce. Babanmu in ya zaga kunyarka ya ga tsinke ɗaya a tsaye, ranar ba ka da tuwo mai daɗi. Shi ya sa ranar da Abban Yasir ya fara gaya mini aikinsa na yi dariya har da riƙe ciki.

"Wai ku shuka ciyawa, a biya ku? Sannan wani ya zo da takalmi mai ƙyalli ya auna ta?"

Ya sha yi mini bayanin yadda ake awon, ba zan yi masa ƙarya ba. Matsalar ita ce in zance ya yi masa daɗi, da Hausa yake farawa, kafin ya kai tsakiya ya zarce Larabci bai sani ba. Ni kuma ina goge wa yaro baki, ina cewa "uhm, to, Allah sarki." (Duk matar da ta ce ba ta taɓa yi wa mijinta wannan "uhm" ɗin ba, ta zo ta rantse.)

Dakta Hadiza ce ta kawo shawarar a zo da iyali. 'Yar Zariya ce, ita ce mai kula da ɓangaren tsirrai a kamfanin. Ta ce matan da suka yi shekaru suna wanke jar ƙasar wurin daga jikin kaya sun cancanci su ga abin da ƙasar ta zama, in an gama awo a ci shinkafa da nama. Yaya Safiya, yayar Abban Yasir, tana jin an ambaci nama ta ce ai ita ma iyali ce.

Da safe ta gan ni ina jan jaka. Tabarma, filas ɗin shayi, jarkar ruwa, kankana da wuƙarta, man zafi, kayan canjin yaro, da tsintsiyata ta kaba da na saya a kasuwar Bab Makka wajen wata mata mai kawo kayan gida.

"Ya binti, ke yarinya, yawon buɗe ido za mu ko ƙaura?" in ji ta. "Tsintsiyar ta mece ce? Saharar za ki share?"

Na ce, "Yaya, ba a san abin da za a tarar ba."

A hanya ni lambu nake gani a raina, kore shar, irin wanda ake nunawa a talabijin. Da muka sauka sai na ga tudu da kwari, da ciyayi nan da can kamar kan yaron da aka yi wa aski da almakashi maras kaifi. Na duba da kyau. Wannan filasko ne. Wancan tsidau ne, mai sukar ƙafa. Ga wata doguwar ciyawa mai kama da wadda muke yanko wa jaki, ga 'yan bishiyoyin ƙaya da ba su wuce gwiwata ba. Mazan kuwa sai washe baki suke kamar masu nuna amarya. Abban Yasir ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin gani, Ummu Yasir? Da nan duk tsakuwa ce."

Na ce, "Masha Allah." A raina na ce da Baba zai ga wannan, da ya nemi a ara masa fartanya.

Daidai lokacin Yasir ya ɓata jikinsa. Na zaga da shi bayan mota. Ina can ina fama ina jiyo muryar Dakta tana yi wa mata jawabi a ƙarƙashin rumfar da aka kafa mana. Yaya Safiya ita ma ba ta wurin, ta tafi motar abinci ta ga ko naman zai isa. Kafin in fito an gama jawabi, mazan sun bi mufattish, wato mutumin da hukuma ta turo, sun nufi can ƙarshen filin inda za su fara. Ban tambayi kowa abin da aka ce ba. Na ɗauka irin "sannunku da zuwa" ɗin nan ne.

Rumfar ta cika, ga duwatsu a gefe, ni kuma duk dutsen da na gani sai in ga kamar kunama tana leƙena daga ƙarƙashinsa. Na saɓi yaro da jaka na zaga bayan wani ɗan tudu, ina neman inda zan shimfiɗa tabarma hankalina ya kwanta.

A nan na gan shi. Turakun ƙarfe huɗu, an shafa wa kawunansu jan fenti, an zagaye su da igiya, faɗin wurin kamar ƙaramin ɗaki. A jikin turke ɗaya ga wani ɗan allo da rubutun Larabci. (Ni kuwa duk rubutun Larabci a wurina na addini ne. Har yau ba na iya taka kwalin madara in da rubutu a jiki.) A hanyar Makka na sha ganin inda matafiya suka jera duwatsu a bakin titi suka keɓe wurin salla. Na ɗaga kai na dubi rana, na ga gefe ɗaya yana kallon gabas. Magana ta ƙare. Masallacin ma'aikata ne.

Sai dai kaico, an bar shi ya lalace. Duk faɗin filin nan babu inda ciyawa ta yi kauri irin cikin igiyar nan. Ko ƙasa ba a gani. Tsidau ya shimfiɗu daidai inda mutum zai sa goshi. Raina ya ɓaci. Na ce ka ji maza, shekara da shekaru suna nan amma sun kasa gyara inda suke ganawa da Ubangiji. Sannan wani tunani ya zo mini. An jima azahar za ta yi, mufattish zai ce a kai shi wurin salla, a kawo shi nan. Mutumin da takardar mijina ke hannunsa! Ya ga wannan ƙazanta ya ce me?

Na goya Yasir, na naɗe abaya na soke a ƙugu, na yi bismillah.

Ƙasar da taushi, don ba a daɗe da yin ruwa ba, ciyawar sai biyo hannuna take har saiwa. Masu taurin kai na bi su da wuƙar kankana. Zan faɗa muku gaskiya, tunda na zo Jidda ban taɓa jin daɗin jikina irin na wannan hantsin ba. A gari komai sai an nuna mini, kuɗin mota sai an ƙirga mini, a asibiti sai an fassara mini. Amma wannan aikin babu mai koya mini shi. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yaro ya yi barci a bayana, har 'yar waƙar da muke yi a gona na tsinci kaina ina yi. Na tara ciyawar a wajen igiya, tsibi guda mai kyau. Filaskon na ware shi gefe, na ce zan tafi da shi gida in shanya, ba a rasa mai ciwon ciki. Sannan na ɗauko tsintsiya na share, na sake sharewa, irin sharar da ake barin zanen tsintsiya a jere. Na yayyafa ruwa ƙura ta kwanta. Na jera 'yan duwatsu a gaba, wurin liman. Kunama ko ɗaya ban gani ba, sai wani buzuzu da ya yi ta kansa.

Ina shimfiɗa tabarma sai ga Yaya Safiya ta biyo sawuna, tana fifita da mayafi.

"Masha Allah, tabarakallah! Wa ya gyara nan?"

"Ni ce, Yaya. Masallacinsu ne, sun bar shi ciyawa ta cinye."

"Shuf rijal! Maza ke nan. Ashe dai kina da amfani, ya binti. Yalla, zuba mana shayi."

Ta cire takalmi ta shigo da ƙafar dama, ta yi nafila raka'a biyu, ta miƙe ƙafa. Wannan shi ne yabon farko da ta taɓa yi mini tunda aka kawo ni gidansu, kuma na sha shi da shayi har ƙasan kofi.

Rana ta kusa tsakiya muka jiyo muryoyi. Abban Yasir ne a gaba, ya saɓo wani firam na ƙarfe mai kusurwa huɗu, an ɗaɗɗaure shi da zare gida-gida kamar raga. Bayansa Dakta Hadiza, da mufattish, wani dattijo mai furfura da malafa, da mudir, wato shugaban kamfanin, da sauran ma'aikata, ɗaya riƙe da kyamara a kan doguwar sanda. Mijina yana tafe yana waiwaye yana zuba Larabci da fara'a. (Daga baya na ji tun safe yake cika baki, wai duk wuraren da aka auna ba komai ba ne, a jira na ƙarshe, shi ne amarya.)

Na miƙe na gyara mayafi. Na ɗaga murya yadda har na baya zai ji, don ina so a san matar wa ta yi aikin.

"Sannunku da rana! Bismillah, ga wuri na gyara muku. Ruwan alwala yana jarka."

Firam ɗin ya zame daga kafaɗar Abban Yasir ya faɗi, ƙarar ta tashi Yasir daga barci. Mijina ya dubi turakun, ya dubi ɗan allon, ya dube ni.

"Ummu Yasir... fen... ina ciyawar?"

"Ga ta can na tara. Filaskon ne dai na ware, zan tafi da shi."

Dakta ta cire tabarau. Ta nemi dutse ta zauna, ba ta ko duba ƙarƙashinsa ba.

"Maman Yasir," ta ce a hankali, "ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Dakta."

"Ke kaɗai?"

"Ai ba wani abu ba ne, ƙasar da taushi."

"Da hannu?"

"Da wuƙar kankana."

Wani daga cikin ma'aikatan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. A nan na fara gane akwai matsala.

Dakta ta yi mini bayani, da Hausa tsantsa, ba ta tsallake ko kalma ba. Ba masallaci ba ne. Wurin awo ne. Irinsa suna nan warwatse a filin, kowanne da lambarsa, ita ce a jikin allon. Tun ƙasar tana tsirara aka kafa turakun, kuma duk bayan ruwa ana zuwa a ɗauki hoto daga sama, a aza firam ɗin, a ƙirga gida nawa ganye ya rufe, gida nawa ƙasa ke a buɗe. Da haka ake gane ko wurin yana farfaɗowa. An zagaye shi da igiya ne don kada a taka. Abin da ta faɗa wa mata ke nan da safe, ta maimaita har sau ba adadi: duk inda kuka ga igiya, kada ku shiga.

Na waiwaya in nemi Yaya Safiya. Ban san lokacin da ta fita ba. Tana wajen igiya, takalmi a ƙafa, kofin shayi ya ɓace cikin mayafi.

"Wallah ni a share na same shi," ta ce, ba wanda ya tambaye ta.

Mufattish ya yi magana. Yaya ta raɓo kusa da kunnena tana fassara mini, don ko a irin wannan halin ba ta iya barin labari ya wuce ta. "Wai ya ce doka doka ce. Tunda an zo, sai an aza firam. Wai ki ɗage tabarmarki."

Na naɗe tabarma a gaban maza sun fi goma. Na kwashe filas, na kwashe duwatsun liman ɗaya bayan ɗaya. Na sauke Yasir don bayana ya jiƙe da gumi. Abban Yasir ya ɗauki firam ya aza a tsakiya, bai yarda mun haɗa ido ba. Mai kyamara ya ɗaga sandarsa ya ɗauki hoto. A cikin gidajen zaren nan babu komai sai zanen tsintsiyata, a jere, gwanin kyau, da shatin gwiwoyin Yaya Safiya.

Dakta ta durƙusa tana bin gida-gida da alƙalami. Can ta tsaya.

"Akwai ɗaya," ta ce.

Kowa ya sunkuya. A can kusurwa, wani ɗan tsiro mai ganye biyu ya tsira daga hannuna. Mufattish ya gyara malafa ya matso. Mudir ya matso. Ni har na fara cewa alhamdulillahi a raina, ko ba komai ba za a rubuta babu ba.

Ban ga tahowar Yasir ba. Ya ratsa ta tsakanin ƙafafun mutane da tafiyarsa ta 'yan koyo, ya tsuguna, ya tsinke tsiron, ya jefa a baki.

Dattijon nan ya yi dariya har malafarsa ta faɗi, har tari ya sarƙe shi aka miƙa masa ruwan alwalata. Ya nuna yaron, ya nuna ni, ya faɗi wata magana. Yaya ta ce, "Wai ɗan uwarsa ne." Ni kuwa ina durƙushe da yatsa a bakin yaro ina laluben ganye, ina roƙon ramin da aka cike a wurin ya sake buɗewa ya haɗiye ni.

Mudir bai yi dariya ba. Abban Yasir ma haka.

Na lallaɓa wurin Dakta na ce, "Ko in mayar da su? Ai ba su bushe ba, in aka dasa aka ba su ruwa..."

"Maman Yasir, don girman Allah, ɗauki ɗanki ki zauna. Kada ki ƙara taɓa komai. Ko filaskon."

Suka ja gefe su uku suka daɗe suna magana, ni ina kallon bakinsu. A ƙarshe aka ce mufattish ba zai rubuta an ci ba, ba zai rubuta an faɗi ba. Sauran wuraren sun tsaya a kan gaɓa, wannan ne ake sa ran zai rinjayar da awon, ga shi ya koma filin salla. Zai dawo bayan ruwan sama mai zuwa, wanda a nan sai lokacin sanyi ake yin sa, ya sake aunawa. Ma'aikata suka kwashi tsibin ciyawata suka barbaza a cikin igiyar, ko irin da ke jiki zai zuba ya tsiro. Kuma ba za a ba shi ruwan tanka ba, don sharaɗin shi ne tsirran su tsaya da kansu. Mudir ya ce Abban Yasir zai ci gaba da aiki zuwa lokacin, abin da zai biyo baya kuma sai an ga awo.

Azahar a kan tsakuwa aka yi ta, gefen mota. Kafin ya tafi, dattijon ya aiko Yaya ta gaya mini wai lada dai na samu, tunda da niyya ake duba aiki, amma shi da firam yake dubawa.

A hanyar dawowa, da muka fara hango gine-ginen gari, Abban Yasir ya juyo ya dube ni. Sannan ya numfasa.

"Shekaru muna gadin wurin nan. Mun kori raƙuma, mun kori awaki, mun kori masu zuwa gasa nama da mota. Ban taɓa zaton daga cikin ɗakina za a ɓullo mana ba."

Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Amma fa sharar ta yi kyau," ya juya yana kallon taga don kada in ga bakinsa.

Yanzu a wurin aiki "mijin manomiya" suke kiransa. Yaya Safiya kuwa babu bikin da ba ta ba da labarin ba, daga Sa'alaba har unguwar Ruwais, kuma a nata labarin ita ce ta zo ta hana ni na ƙi ji. Raka'a biyun nan ba ta taɓa ambatarsu ba.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar mutane in ka ga abu ya yi maka kama da sakaci, ka fara tambaya, wataƙila albashin wani ne yake tsirowa. Kuma taimakon da ba a roƙe ka ba, ka ɗan jira a dawo daga inda aka je.

Sanyi ya kusa shigowa. Maƙwabtana in suka ga hadari sai su hau kwashe kaya daga ƙasa suna addu'ar Allah ya sa ya wuce, don sun san abin da ruwa ke yi wa lungunanmu. Ni kaɗai ce nake hawa saman bene ina leƙen gabas ina ce masa zo. Don haka ga roƙona gare ku. In kun ga turaku huɗu da igiya a daji, ku zaga, ku yi sallarku a gefe. Sannan ku taya ni addu'a Allah ya saukar da ruwa mai albarka a bayan duwatsun nan, ba mai yawa ba, daidai wanda zai tsirar da ciyawa faɗin ƙaramin ɗaki.